Sunan da Jael Ke Kiran Tsohuwa

Marin farko da tsohuwa Gudrun ta zabga wa Jael a kicin ne, ranar da aka fara gashin Kirsimeti, kuma ba marin wasa ba ne. Hannun tsohuwar duk fulawa, zoben aurenta ya tsaga wa Jael leɓe, sai da ta ji gishirin jini a baki. Jael ta dafe kunci ta tsaya sororo. Nas ce ita, ta yi aikin asibiti can gida Zonkwa kafin ta zo Doha, ta sha zagin majinyata, har tofin miyau ta sha, amma rabon da wani ya ɗaga hannu ya mare ta tun tana 'yar firamare. Ita kuwa tsohuwar ko kallonta ba ta sake yi ba. Ta ture ta gefe, ta durƙusa gaban obin, ta fizge murfin, tana leƙen biskit ɗin da ko launi bai fara sauyawa ba.

Gudrun mutuniyar Norway ce, ta ba tamanin baya, kuma gigin tsufa ya cinye rabin abin da ke kanta. Ɗanta Halvard injiniya ne a wani kamfanin iskar gas mai ofis a West Bay. Shi ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa na Al Gharrafa, don ba ya son ta ƙare kwanakinta a hannun baƙi. Matarsa Sunniva ta yarda, sai dai yardar ba ta yi nisa ba. Tun kafin a ɗauki Jael aiki tsohuwar ta taɓa jifan surukar tata da kofin shayi, sai da aka yi mata ɗinki a gira. Don haka ranar da Jael ta shigo gidan da akwatinta, a gabanta Sunniva ta gindaya wa mijinta sharaɗi: in tsohuwa ta sake ɗaga hannu a kan wani, ko ma wane ne, jirgi za a sa ta a mayar da ita Norway, gidan da ake ajiye tsofaffi. Halvard ya sunkuyar da kai ya amince. Ba za a ce Sunniva muguwa ce ba, wanda aka fasa wa gira shi ya san abin da ya ji. Amma Jael ta ji maganar kamar an ce za a kai uwar mutum tasha a bar ta can.

Shi ya sa ranar marin, da zafin ya ɗan lafa, abin da ta fara yi shi ne kurkure baki a famfo, ta goge ɗigon jinin da ya sauka a ƙasa, ta ɗora ƙanƙara a leɓen. Da yamma Sunniva ta dawo daga makarantar da take koyarwa ta tambaye ta me ya same ta, Jael ta ce murfin kabad ne ya buge ta. Ƙaryar ta zo mata da sauƙin da ya ba ta tsoro. Aikinta yana cikin abin da take karewa, wannan ba ta musa ba, in tsohuwa ta tafi ita ma zamanta a gidan ya ƙare. Amma ba shi ne babba ba. Ƙaunar matar nan take yi. Tun lokacin zafi take yi mata wanka, tana taje mata farin gashinta, tana ba ta magani a cokali, kuma zuciyarta ba ta ɗaukar a ce wai tsohuwar tana zaune a wani ɗaki can ƙasar sanyi, cikin mutanen da ba su san yadda take son a ɗumama mata madara ba.

Turancin Gudrun ya riga ya zube daga kanta, harshen uwarta kaɗai ya rage, Jael kuwa ba ta jin komai a cikinsa. Da hannu da ido suke magana. A gaban masu gida Jael takan ce Madam Gudrun, yadda kamfanin da ya turo ta ya koya mata. Amma in suka rage su biyu, bakinta ba ya iya kiran sa'ar kakarta da suna gatsal, tarbiyyar gida ba ta bari. Sai ta kira ta da abin da duk ɗan mutunci zai kira ta, wato Kaka. Kaka tashi, Kaka ga ruwa, Kaka sannu da zama.

To a nan gizo ke saƙa. A harshen mutanen Norway, wannan kalma, yadda muke faɗinta sak, ma'anarta "kek ɗin". Jael ba ta sani ba, kuma babu mai gaya mata, tunda ba ta taɓa furtawa a gaban mai jin harshen ba. Duk watannin baya in ta ce Kaka, tsohuwar takan ɗan zabura ta nufi kicin, ta leƙa obin mai sanyi, ta ga wayam, ta dawo ta zauna. Jael ta ɗauka gigi ne, har tsokanarta take yi wai ta cika kwaɗayi. Sai da Disamba ta kama, ƙamshin man shanu da sukari ya cika gidan, obin ya zamana akwai abu a cikinsa da gaske, sannan wasan ya koma duka.

Al'adar mutanen Norway ce matar gida ta gasa kayan maƙulashe iri bakwai kafin Kirsimeti, a da ma wadda ta kasa cika bakwan har gori ake yi mata. Sunniva ta ce a bar tsohuwa ta yi kayanta, likita ma ya ce zai taimaka mata. Ya kuwa taimaka. Matar da ba kullum take tuna sunan ɗanta ba, tana taɓa ƙullu sai hannunta ya tuna komai. Ba ruwanta da awo, da yatsa take jin ko fulawa ta isa. Ta yi wani biskit mai citta da kanumfari da kirfa, ta yayyanka shi siffar mutane da aladu da taurari. Ta yi wani da ake soyawa a mai, wanda Jael ta rantse cincin ɗin gida ne kawai aka sa masa hel, ɗan ƙamshin nan da Larabawa ke jefawa a gahawa. Jael na fasa ƙwai, tana wanke kwanuka, tana satar kallon fuskar tsohuwa da ta washe. Farin cikin ne ma yake sa sunan ya yawaita a bakinta.

Ba a yi kwanaki da marin ba, Gudrun na murza ƙullu da wata ƙatuwar sandar katako da ta zo da ita daga gida. Jael ta ga gumi a goshinta, ta ɗebo ruwa, ta tsaya tsakaninta da obin ta ce Kaka ki ɗan huta. Sandar ta sauka mata a ƙashin wuya, ta sake sauka a gwiwar hannu, kofin ya tarwatse a ƙasa. Jael ta cafke sandar, sai tsohuwa ta kafa mata haƙora a tsintsiyar hannu ta ƙi saki. Haƙoran roba ne, amma sun huda fata. Abin takaicin shi ne duk lokacin da ake wannan kokawa Jael lallashi take yi, Kaka yi haƙuri, Kaka ni ce, Kaka, Kaka, tana kwara wa wuta fetur da bakinta tana tsammanin ruwa ne. Sai da tsohuwar ta fizge ta isa obin, ta buɗe ta ga komai lafiya, sannan jikinta ya saki. Ta juyo ta tarar da Jael zaune a ƙasa cikin fasassun gilashi, ta yi mata kallon tausayi kamar ba ta san wanda ya yi mata wannan aika-aika ba, ta miƙa mata biskit guda mai zafi.

Daga ranar Jael ta koma sa riga mai dogon hannu da babban wuya, ta ce sanyin na'ura ne ke damunta. Halvard yakan fita da sassafe ya dawo a gajiye, ya sumbaci goshin uwarsa, ya ɗanɗana abin da aka gasa, ya ce Jael aikinta na kyau. Sunniva har hoton gwangwanayen biskit take ɗauka tana aika wa 'yan'uwanta. Mutum ɗaya ne ya lura, shi ne Tanko direban gidan, wani dattijo mutumin Gumel wanda ya daɗe a Doha. Ya kai ta kanti a Al Rayyan sayen man shanu, ya ga ta kasa ɗaga leda da hannun dama, da ta miƙa hannu kuma rigar ta ja baya.

"Sista, wannan ba murfin kabad ba ne," ya ce bayan sun shiga mota. "Kabad ba shi da haƙora."

Ta ja hannun rigar ta rufe, ta ce ya sa ido a kan titi.

"Ki gaya wa Oga yau ɗin nan, khalas, a wuce wurin. Ke nas ce, kin fi ni sanin ciwon da aka rufe ruɓewa yake yi."

"In na faɗa jirgi za su sa ta, Malam Tanko. Kai za ka yarda a yi wa tsohuwarka haka?"

"Ba zan yarda ba. Amma tsohuwata ba ta cizo."

Ta roƙe shi don girman Allah ya yi shiru har Kirsimeti ya wuce. A ganinta zumuɗin gashin ne ke ruɗa tsohuwa, da an kashe obin komai zai koma daidai. Tanko ya jinjina kai ya ce ya ji, amma ta kula kada garin neman gira a rasa ido. Jael ta juya tana kallon dabinon da aka jera a tsakiyar titi.

Ba kullum ake faɗa ba, kuma wannan ne ma ya yaudare ta. Akwai ranakun da suke zama a teburin cin abinci suna aikin hannu na ƙawata itacen Kirsimeti. Gudrun takan yanka takarda ja da fara, ta saƙa su cikin juna, sai ga ɗan kwando mai siffar zuciya wanda ake ratayewa a reshe a zuba masa alewa. Jael ta tashi a gidan da ake saƙar faifai, don haka hannunta bai sha wuya ba. Wata ranar da hantsi, burodin Kirsimeti mai zabibi yana cikin obin, ta kammala kwandonta na farko ba kuskure, ta ɗaga shi sama da murna ta ce Kaka duba. Almakashi na hannun tsohuwa. Ta miƙe zumbur, kujerar Jael ce ta tare mata hanyar kicin, ba ta yi wata-wata ba ta caka mata shi a cinya, ta zare, ta wuce. Jael ta toshe bakinta da tafin hannu don kada maƙwabta su ji. Jini ya jiƙa siket ɗin, ya ɗiɗɗiga a kan fararen takardun da suka zube. Ta ja ƙafa ta shiga banɗaki, ta wanke ramin, ta ɗaure shi da kayan aikinta, hawaye na zuba. Sannan ta dawo ta tsince duk takardar da jini ya taɓa, ta cusa su can ƙasan kwandon shara na waje.

Kada a ce ba ta yi tunani ba. Ta yi, irin na mai ilmin aikin. Ta zargi yunwa, ta zargi sabon magani, ta zargi ƙarar injin wanki, ta zargi hasken da ke shigowa ta taga. Ta ɓoye almakasai da wuƙaƙe, ta daina tsayawa a bayan tsohuwa. Ta bincika komai a gidan nan ban da bakinta, don ba wanda ke zargin ladabinsa. Tsoro kuma ya riga ya shige ta. In ta ji takun silifas ɗin tsohuwa sai ta ja da baya, ga shi ƙaunar ba ta ragu ba, abubuwan biyu suna zaune a ƙirjinta tare.

Ana gobe jajiberen Kirsimeti, wanda su a wurinsu shi ne babbar ranar, an gama iri shida saura na bakwai. Sunansa krumkake, kuma ba a obin ake gasa shi ba. Gudrun ta sa aka sauko mata da wani baƙin ƙarfe mai nauyi da ta gada wurin uwarta, faifai biyu ne a haɗe kamar baki, kowanne da dogon mariƙi, a cikinsu an sassaƙa zanen fure da ganyaye. Ana ɗora shi a kan wutar gas ya yi zafi, a zuba ƙullu cokali guda, a matse, a juya, a buɗe. Sai ga abu siriri da zanen furen a jikinsa, a naɗe shi a jikin wani ɗan katako tun yana da zafi. Kowanne ta ciro sai ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta juya shi gaba da baya, in ya yi mata ta gyaɗa kai. Tana aikin tana 'yar waƙa a maƙoshi. Jael ta ce a ranta yau in Allah ya yarda an gama, gobe a ci a sha, jibi a mayar da ƙarfe sama.

Tana wurin wanke-wanke ta jiyo ƙaurin ulu. Ta waiga ta ga hannun suwaitar tsohuwa ya sauka a kan harshen wutar, har ya fara hayaƙi. A duk zamanta a gidan ba ta taɓa ɗaga murya ba sai ranar.

"Kaka!"

Ta yi tsalle ɗaya ta miƙa hannun dama don ta janye rigar, hannun ya bi ta kan ƙarfen da ke buɗe. Wannan karon Gudrun ba ta nufi obin ba. Ta juyo da wata fuska da Jael ba ta taɓa gani ba, leɓɓanta sun janye daga haƙora, ta kama mariƙan biyu ta haɗe ƙarfen a kan hannun Jael, ta danne da dukkan nauyinta.

Ƙarar da ta fara fita ba ta Jael ba ce, ta fatar ce, cuuu, sannan ƙaurin nama ya tashi ya danne na man shanu. Jael ta kwarara ihu, ta ja, ƙarfen ya ƙi saki. Ta doki kafaɗar tsohuwa da hannun hagu, abin da ba ta taɓa yi wa majinyaci ba, ta sake doka, tsohuwa ko gezau. Suka yi taga-taga suka bugi tebur, kwanon ƙullu ya kife, krumkake ɗin da aka jera suka zube ana tattaka su. Ƙarfin da ke hannun matar nan ba na mai shekara tamanin ba ne.

Allah ya sa Halvard ya tashi aiki da wuri, Tanko ya ɗauko shi, suna bakin ƙofa da ledojin nama lokacin da kiran ya tashi. Halvard ya faɗo kicin ɗin a guje, ya damƙi mariƙan ya ɓare su da ƙarfin tsiya, ƙarfen ya faɗi ya fasa tayil. Ya daka wa uwarsa tsawa da harshensu, murya babba irin ta ƙaton namiji. Gudrun ta ɗaga kai ta kalle shi, nan take duk zafin nan ya zube. Ta sulale ƙasa, ta rarrafa ta shige ƙarƙashin tebur, ta rufe kanta da hannaye biyu, tana maimaita wasu kalmomi da muryar roƙo. Fitsari ya biyo ƙafarta ya gangaro cikin ƙullun da ya zube. Halvard ya tsaya ƙiƙam, fuskarsa ta yi fari fat.

Tanko ne ya ja Jael zuwa famfo ya sakar mata ruwa a hannun, yana ta salati. Ita kuwa, cikin wannan azaba, numfashinta na sarƙewa, abin da ke fita daga bakinta shi ne tsautsayi ne, ita ta sa hannunta, Madam ba ta yi komai ba. Halvard bai ko saurari ƙaryar ba. Ya tambaye ta me ta kira da ƙarfi kafin ya shigo.

"Kaka," ta ce. "A harshenmu uwar uwa ke nan, ko uwar uba. Girmamawa ce, Oga. Kullum haka nake kiranta."

"Kullum?"

"In muna mu biyu."

Halvard ya dafa bango ya zame ya zauna a ƙasa, cikin fulawa da fasassun biskit, ya rufe fuska.

A mota, kan hanyar asibiti, bayan Sunniva ta zo ta karɓi tsohuwa, Halvard ya gaya wa Jael ma'anar kalmar, ya kuma gaya mata sauran. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne, sai Kirsimeti yake dawowa gida, in ya dawo kuma kwalba ce abokiyarsa. Yakan zauna a falo yana sha matarsa na gashi. Da ya jiyo ko alamar ƙauri sai ya kwaɗa wannan kalma, ya miƙe yana zare bel. Wata shekarar ya karya mata muƙamuƙi, wata shekarar ya danna mata kunci a jikin murhu. Halvard yana yaro, ƙarƙashin tebur yake ɓuya ya ga ƙafafunsu. Abin da tsohuwa take maimaitawa ɗazu shi ne abin da take faɗa a lokacin: bai ƙone ba, duba, bai ƙone ba. Mutumin ya daɗe da mutuwa, kuma ba a taɓa zancen a gidansu ba, ko Sunniva ba ta sani ba.

"Duk rayuwarsa ba ta taɓa ɗaga masa yatsa ba," ya ce, yana kallon waje. "Yau ne ta rama."

Jael ta jingina kai a jikin gilashi. Zafin hannun ya kai har ƙwaƙwalwa, amma akwai abin da ya fi shi ci. Watanni tana shafa kan tsohuwar nan tana kiranta da muryar mijin da ya karya ta, safe da rana, da murmushi. Ta ji tsanar mamacin da ba ta taɓa gani ba, ta ji haushin Halvard da ya binne abu irin wannan ya kawo mata uwarsa ba bayani, amma ta fi jin haushin kanta.

A asibiti aka yanke hannun rigar don a kai ga ƙunar, sai ga shatin haƙora, ga kumburin gwiwar hannu, ga baƙin tabo a ƙashin wuya. Likitar ta lura da ɗingishi ta sa aka duba cinyar, ramin almakashi ya fara ruwa. Halvard na tsaye ya ga komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi da ta gaya masa tun ranar leɓen, da ya zaunar da ita ya tambayi yadda aka yi, daki-daki, da kalmar ta fito a ranar, da an sauya ta an wuce wurin. Gaskiya ya faɗa, Jael ta san gaskiya ce. Duk dukan da ta shanye don kada a tafi da tsohuwa, shi ne ya taru ya zama hujjar tafiya da ita.

Kamfanin da ya turo Jael ya janye ta daga gidan, ya kuma ce ba zai turo wata ba. Sunniva ba ta ma tuna wa kowa sharaɗinta ba, kuka ta yi ta yi. Jael ta kira Halvard a waya ta roƙe shi, ta ce laifin bakinta ne, a hukunta ta, a nemo wata nas a gaya mata kalmar da ba a faɗa, tsohuwa za ta zauna lafiya. Ya ce ba wannan ba ne kaɗai. Tun ranar, da ya shigo ɗaki sai uwarsa ta nemi ƙarƙashin tebur. Fuskar ubansa ce da shi, da muryarsa, kuma yanzu ta gane su. Ba zai iya ajiye ta a gidan da take tsoron mai shi ba.

Jael ta yi Kirsimetinta a masaukin ma'aikata na kamfanin, hannu a naɗe, ko coci ba ta iya zuwa ba. Tanko ya kawo mata gwangwanin biskit daga Sunniva, ta raba wa abokan ɗakinta ba ta ɗanɗana ba.

Ranar tafiyar, cikin Janairu, da safe, ta hau tasi ta zo Al Gharrafa. Likita ta ce a riƙa barin ciwon ya sha iska, don haka ba bandeji. Zanen ya fito raɗau a bayan hannun, fure da ganyayensa, ja-ja a kan baƙar fata, yatsu biyu kuma ba sa lanƙwasuwa. An riga an sa Gudrun a kujerar baya, an lulluɓe ta da bargo, Sunniva ce za ta raka ta. Halvard na tsaye can nesa bayan motar, inda uwarsa ba za ta gan shi ba.

Jael ta matso bakin ƙofar motar ta durƙusa. Ta buɗe baki ta rasa da me za ta kira ta, sai ta ɗora hannu a kan bargon. Tsohuwa ta kalli fuskarta ba alamar sani. Sannan idonta ya sauka a kan hannun. Ta ɗauke shi a hankali da yatsu biyu, ta ɗaga shi wajen haske, ta juya gaba, ta juya baya, ta bi gefen furen da babban yatsa. Fuskarta ta washe. Ta gyaɗa kai, ta faɗi wata magana a hankali, ta sake maimaitawa.

Jael ta ɗaga ido ta kalli Sunniva. Sunniva ta kau da kai, sai da Jael ta ce don Allah, sannan ta amsa.

"Ta ce wannan ya yi kyau. Ta ce bai ƙone ba."

Tanko ya tayar da mota. Jael ta bar mata hannun tana riƙe da shi, har sai da ya zama dole a rufe ƙofa.